Zanen da Ban Koya Ba, Ke Ki Koya

Daga Tasawa, cikin bazara.

Da sunan Allah mai rahama nake buɗe wannan takarda, zuwa ga ɗiyata Hajara, wadda nake kira Uwata saboda sunan mahaifiyata da ta ɗauka. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina roƙon Allah ya sa kin sauka Yamai lafiya, kin iske kawunki da iyalinsa lafiya, ya tsare ki a fitarki da shigarki, ya haɗa ki da mutanen kirki a lakol ɗin da za ki koyi zanen gini.

Labarin gida innarki za ta ba ki ta salula, ta fi ni iya shi. Ni abin da ya sa na zauna rubutu shi ne, a tasha ban ce miki komai ba. Kin durƙusa kina jiran magana, na ce "Allah ya tsare" kawai, na juya ina duba tayoyin mota kamar ni ne direban. Ba rashin abin faɗa ba ne, Uwata. To ga maganar nan yanzu, ki karanta a hankali, in kin gaji ki ajiye ki dawo.

Kin san ni magini ne mai ɗan taɓa zane, amma ba ki san yadda na faɗa cikin sana'ar ba. Fari ne ya jefa ni. Ina saurayi ƙarami a Baudeta aka yi babban farin nan da ya share shanu, muka ci ganye har ganyen ya ƙare. A shekarar da sojoji suka fara karɓar mulki kakanki ya riƙo hannuna zuwa Tasawa, ya miƙa ni wurin da ake gina rumbunan cimakar agaji. Ina kwaɓa ƙasa, ina ɗaukar bulo, da yamma a auna mini jar dawa in kai gida. Na ɗan yi lakol kafin nan, na iya karatu da lissafi, shi ya sa na riga abokan aikina riƙe cokalin gini. Kafin fari na biyu ya zo, ana ce mini Idi magini, ina da ƴan lebura a ƙarƙashina, kaina kuma ya kumbura fiye da abin da ke cikinsa.

A farin na biyu mutane sun cinye har irin shuka. Sai aka ce za a gina magaza a wani ƙauye can bayan Mayahi, a ajiye irin hatsi da za a raba wa garuruwan yankin in damina ta faɗi. Mai kula da aikin wani ma'aikacin gine-gine ne, Mushe Sanusi (Mushe, wato malam da Faransanci), dogo, mai magana a hankali. Ya shimfiɗa mini takardar pilan a kan murfin mota, ya bi layukan da yatsa, ya ce, "Idi, ka gane?"

Na ce, "Na gane, Mushe."

Ban gane duka ba. Akwai wata ƴar kibiya a kusurwar takardar, da harafi ɗaya a kanta. Ban san arewa take nunawa ba, na ɗauka ado ne. Leburorina suna tsaye suna kallona, sai na ji ba zan iya tambaya a gabansu ba. Da ya tafi, na juya takardar yadda ta yi mini daɗi, na sa ƙofa da tagogin iska suna kallon hanyar da kamyo, babbar motar kaya, zai biyo. Hanyar kuwa gabas take. Ni ɗan manomi, na san daga inda hadari ke tasowa tun ban san hannun damana ba, amma ranar hankalina yana kan kamyo da kan yadda za a yaba mini.

Aka gama, aka zuba buhunan iri. Ina can ina ƙarasa shafe a bayan ginin, wata rana da la'asar gabas ta yi baƙi. Ruwan da aka shekara ana roƙo ya zo da iska mai ƙarfi, ya daki ƙofar nan kai tsaye, ya banke ta, ya shiga ta tagogi kamar ana kwarara shi da guga. Gari na ta guɗa da kabbara, yara na rawa cikin ruwa, ni kuwa ina tsaye cikin magaza ruwa ya kai mini idon sawu, ina kallon buhunan gaba sun jiƙe sharkaf. Irin da ya jiƙa a buhu, in ya kwana biyu, ko ya tsira ko ya ruɓe. Kuma lokacin soja ne, Uwata. An rufe mutane a kan abin da bai kai wannan ba, in dai ya shafi cimakar agaji.

Maigarin ya shigo da rigarsa a jiƙe. Tsoho ne, da ƙyar yake gani. Ya cusa hannu cikin buhu, ya damƙo hatsi, ya murza. Na jira zagi. Sai ya juya ga mutanensa ya ce, "Iri ya jiƙa, ƙasa ma ta jiƙa. Mi muke jira? Kowa shi kaifafa sungumi nai, gobe da sassafe a shuka."

Wani ya ce, "Ranka ya daɗe, kumandan mai mulkin yanki bai ba da izinin rabo ba."

Ya ce, "In ya zaka, ni zai tambaya."

Aka aika ƙauyukan kusa, washegari aka raba jiƙaƙƙen, aka shuka. Ba duka aka ceta ba. Buhunan ƙasa sun lalace, kuma akwai wani gari mai nisa da rabonsa ya ragu saboda ni. Da kumandan ya zo da sojojinsa yana tambayar wa ya sa ƙofa a nan, sai na laɓe bayan leburorina. Mushe Sanusi ya matsa gaba ya ce, "Ni ne ban dawo na ga an ja harsashi ba, mon kumandan. Aikin nawa ne." Aka yi masa faɗa a gaban jama'a, aka hana shi ƙarin girma, ya shanye. A hanyar komawa, da muka kusa Tasawa, ya juyo gare ni. Ya ce, "Idi, kibiyar nan ba ka san ta ba, ko?" Na ce ban san ta ba. Ya ce, "To ka riƙa zuwa biro bayan an tashi aiki."

Haka na koyi zane a biro ɗinsa, wato ofis. Allo mai faɗi, ƙarfen awo, alƙalamin tawada, takarda mai shara-shara. Ya koya mini yadda ake rage gida guda ya zauna a kan takarda ba tare da ya yi ƙarya ba. Bai taɓa karɓar komai a hannuna ba, bai kuma taɓa tuna mini da magaza ba. Duk tuwon da kika ci a gidan nan, akwai hannun mutumin nan da na tsohon maigarin a cikinsa. Ki sa su a addu'a.

Don haka abu na farko da zan roƙe ki: in malami ya ce "kun gane?" ba ki gane ba, ki ɗaga hannu. Ko ajin duk maza ne, ko za su yi dariya. A sana'ar nan abin da ba ki gane ba a takarda ba ya zama a takarda, yana fita ya zama bango, mutane su shiga ciki su kwanta da ƴaƴansu.

Na yi shekaru ina zane da hannu ina gini. Shagunan ƴan kasuwa, gidajen ma'aikata, azuzuwan lakol, masallacin unguwa. Har na zama in Alhaji zai gina gida a Tasawa sai ya aiko a kira ni. Ana nan Mushe Sanusi ya ajiye aikin gwamnati, ya buɗe ɗan biro nasa a Maraɗi. Na je gaishe shi, kina goye a lokacin ko kin fara tafiya, na manta. Na iske shi gemu ya yi fari, tabarau a hanci, yana zaune gaban ordinatar, wato kwamfuta. Allon zanensa yana jingine a bango, an ɗora masa buta.

Ya ce, "Zauna, Idi, ka ga abin mamaki."

Ya ja layi, injin ya rubuta tsawonsa da kansa. Ya zana taga ɗaya, ya maimaita ta a duk bangon ba tare da ya sake zana ta ba. Ya danna wani wuri, sai ga gidan ya miƙe tsaye a cikin gilashin, yana juya shi, ana ganin gaba da baya da rufi. Sannan ya turo mini ɗan abin nan da ake turawa da hannu, wanda suke kira ɓera, ya ce in gwada. Akwai samari biyu a biron suna kallo. Na ɗora hannu, kibiyar ta gudu can ƙarshen gilashi, na nemo ta, ta sake gudu. Ɗaya daga cikin samarin ya sunkuyar da kai yana danne dariya. Na janye hannuna.

Na ce, "Mushe, wannan wasan yara ne. Hannuna bai mutu ba tukuna."

Ya cire tabarau ya dube ni. Ya ce, "Na girme ka, Idi, kuma ni ma sun yi mini dariya. Dariyar ba ta daɗewa. Ka zo ka zauna wajena bayan an cire amfanin gona, ga ɗaki, ga tuwo. Abin nan shi ne gobe."

Na ce to, zan duba. Aka cire amfanin gona, ban je ba. Ya aiko da saƙo, na ce aiki ya yi yawa. Har Allah ya karɓi abinsa ban je ba. Allah ya jiƙansa, ya haskaka kabarinsa. Kin ga mutum ya buɗe mini ƙofa sau biyu a rayuwa, na shiga ta farko, ta biyu na tsaya a bakinta ina gyara hula.

Abin bai nuna nan da nan ba. A hankali ya zo. Alhaji zai ce, "Malam Idi, a matsar da ɗakin nan, a ƙara shago a gaba." Ni sai in ɗauki reza in kankare tawada, ko in sake zana takardar gaba ɗaya, ya jira ni kwanaki. Ɗansa kuwa zai ce masa a Maraɗi ana gyara wannan kafin shayi ya huce. Masu furoje, wato ayyukan raya ƙasa, suka fara cewa a ba su zanen da za su tura Yamai ta inji, a duba a can a mayar musu. Takardata ba ta shiga inji. Ba wanda ya kore ni, ba wanda ya ci mini mutunci. Kawai aiken da ake yi a kira ni ya ragu, ya ragu, na koma ga cokalin gini, ina gina abin da wasu suka zana. Ban ji haushin kowa ba, don na san inda na tsaya.

Shi ya sa nake ce miki, abin da kika je koyo ki koye shi har ƙasansa. Kada ki tsaya a iya jan layi da juya gida don a ce kin iya. Ki iya fitar da harsashi, da yankan gini mai nuna cikinsa, da hanyar ruwa da ta wuta, da lissafin bulo da siminti da ƙarfe. Kuma ranar da wani sabon abu ya zo ya ture wanda kika iya, don zai zo, ki ja kujera ki zauna kusa da yaran da suka iya shi, ko da furfura a kanki.

Sauran labarin kina ciki, amma ba ki san yadda ya kasance a wajena ba. Kin tuna ɗakin haihuwar da muka gina a ƙauyen nan kusa da Hawandawaki, lokacin kina hutun lise, wato sakandare, kika nace sai kin bi ni? Mai zanen aikin Madam Rakiya ce, daga Maraɗi. Kafin a haƙa harsashi ta ce a tara mata matan gari. Ni a raina na ce ɓata lokaci ne, don shekarun da na yi ina shimfiɗa takarda gaban mutanen ƙauye, ba wanda ya taɓa cewa komai sai "madalla." Layukan ba sa yi musu magana. Ta zauna a tabarma ƙarƙashin gawo, ta buɗe ordinatar ɗinta a cinya, ta tsayar da ginin a gilashi da ƙofofinsa da inuwarsa. Mata suka matso har suna ture juna.

Tsohuwar ungozomar garin ta daɗe tana kallo, sannan ta sa yatsa ta ce, "Ɗiyata, wagga ƙofa, ina take kallo?"

Madam ta ce, "Hanyar kasuwa, Inna, don mota ta samu shiga."

Ta ce, "A'a. Can maza ka zama ranar kasuwa. Mace mai naƙuda ba ta ratsa maza. In kunka bar ta nan, gida za su ci gaba da haihuwa, ɗakinku ya zama na awaki."

Madam ba ta yi gardama ba. Ta ɗauke ƙofar ta mayar kudu, ta ja ɗan bango ya kare ta, ta bar wa mota wata hanya ta baya, duk muna kallo. Wata ta ce ina masu jinya za su hura wuta, aka ƙara rumfa. Kafin azahar an gama, ta juyo ta gaya mini bulon da zai ƙaru. Na koma gefe na zauna a kan tulin yashi. Abin da na gani ranar ya wuce sauri. Na ga inji ya sa matan da ba su taɓa riƙe alƙalami ba sun gyara gini kafin a zuba siminti ko cokali ɗaya. Yanzu matan yankin suna zuwa ɗakin nan, har daga ƙauyukan da ba a yi zato ba.

Ke kuwa kina tsaye bayan Madam tun safe, ba ki ci ba, ba ki sha ba, har batir ya mutu. Na ji da kunnena kika ce, "Madam, a ina ake koyon wannan?" Na ji, na yi kamar ban ji ba.

Da kika ci jarrabawar bak ta gama lise kika zo mini da maganar, kin san abin da na ce. Na ce malanta ko aikin likita ya fi dacewa da ɗiya mace, wurin gini wurin maza ne da baƙar magana. Na ce ga damina ta ƙi, rumbu bai kai rabi ba, ga sojoji sun sake hawa, ba a san inda ƙasa ta dosa ba, wa zai yi gini balle ya nemi mai zane? Kika ce "to, Baba," kika tashi. Da kin yi kuka ko gardama da na ji sauƙi.

Washegari da hantsi innarki tana tankaɗe a tsakar gida, ina ɗaura kaya a babur, ta ce ba tare da ta ɗago kai ba, "Malam, in tambaye ka?"

Na ce ina ji.

Ta ce, "Fari nawa muka gani da kai? Soja nawa suka hau suka sauka? A wanne ne ka zauna ba gini?"

Gaskiya ce. A shekarun da gona ta ƙi, gini ne ya ciyar da mu: magaza, rijiya, gidan likita, aji.

Ta kaɗe rariya ta ce, "Ranar da ka dawo daga Maraɗi ka ƙi komawa, kanka kaɗai ka ƙi wa, ban ce komai ba. Yanzu kuma so kake ka ƙi wa mutum biyu?"

Na kwance kayan daga babur, ranar ban fita ba. Uwata, ki riƙe mahaifiyarki da kyau. Ita ta sayar da tumakinta ba tare da na roƙe ta ba, ita ta kira kawunki ta nema miki masauki, ita ta sa na je Maraɗi na samu Madam Rakiya, wadda ta nuna mana lakol ɗin ta kuma ce in kin dawo hutu ki zo biro ɗinta ki gwada hannu. Ni abin da na yi kawai shi ne na matsa daga hanya. Ina gode wa Allah da ya ba ni matar da ke iya gaya mini gaskiya tana tankaɗe.

Yanzu ga abin da na hango miki, ni da na ga sana'ar daga ciki. Mai iya zanen gini da ordinatar ba ya jiran ruwan sama. Biro na masu gine-gine na nemansa, magajin gari na nemansa, masu furoje na nemansa, ɗan kasuwar da ya samu fili na nemansa. Kina zaune a Tasawa za ki iya zana wa mutumin Zinder gida ki tura masa. In aure ya kai ki wani gari, sana'arki tana cikin jaka. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mace a ƙasar da shekara ɗaya ke ba da hatsi, ta gaba ta hana.

Amma injin bai san ƙasarmu ba, ke kika san ta. Bai san yashin Hawandawaki yana zamewa ƙarƙashin harsashi ba, bai san zafin kwano a watan bazara ba, bai san inda surukai ke zama da inda ba sa bi ba. Za ki ga zanen gidajen wasu ƙasashe masu bangon gilashi, za su burge ki. Ki kalla, ki koya, amma kada ki kawo wa mutanenmu tanda su kwana ciki. Kafin ki ja layin farko ki je filin da ƙafarki, ki tsaya, ki tambayi maƙwabta inda ruwa ke bi. Ki gaida magina da sunansu, ki saurare su, kada kuma ki bari su raina ki. In kin tabbata da awonki ki faɗa da murya ɗaya, ba tsawa, ba rawar baki. Za ki haɗu da mai gida da zai ce ki rage kaurin ƙarfe a zane don ya rage kashewa, zai yi miki magana mai daɗi. Ki ba shi haƙuri ki bar masa aikinsa. Sannan ƙaramin abu da Madam ta ce in gaya miki: ki riƙa adana aikinki kina yi kina adanawa, a wuri fiye da ɗaya, don wutar Yamai ma ba ta sallama in za ta tafi.

Ki kiyaye sallarki. Ki taya matar kawunki aiki ba sai ta ce ba. In kewa ta kama ki, ki kira, ba kunya ba ce.

Zan rufe da wannan. Ranar Juma'ar da ta wuce na je Baudeta gaida gwaggonki Hure. Labari ya riga ni isa, an ce mata Hajara ta tafi koyon zana gidaje da inji. Ta kama hannuna ta ja ni bayan gida, ta nuna mini wani ɗan fili kusa da rumbu da sandarta. Ta ce ɗaki take so a nan, ƙarami, wanda iska ke ratsawa, mai ƙofa da faɗin da za a iya shiga da ita a ɗauke in ƙafafun sun ƙi gaba ɗaya. Na ce, "Yaya, ai wannan gobe ma sai in zana miki, jibi a fara." Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Kai ka yi ginin. Zanen na Hajara ne. Ina so in ga ɗakina tsaye cikin gilashin nan tun ba a gina shi ba." Na ce mata karatun zai ɗauki lokaci. Ta ce ta ji, za ta roƙi Allah ya ara mata kwanakin.

To kin ji, kina da mai jiran aiki, kuma ba mai ƙarfin jira da yawa ba ce. Ki dage.

Allah ya buɗe miki ƙirji, ya sa albarka a hannunki da idonki. Allah ya tsare ki daga sharrin hanya da sharrin mutane, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya ba mu damina mai albarka, ya dawo mana da ke cikin mutunci. Innarki da ƙannenki suna gaishe ki. A gaida kawunki da mutanen gidansa duka.

Ni ne mahaifinki mai yi miki addu'a kullum,
Idi magini.